Sapiyoh a Ƙarƙashin A-kori-kura

Yayata Sapiyoh ta ba shekara hamsin baya ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ko babur ba ta iya ba, a garinmu Lubo Kayu, can kusa da iyakar Malesiya, inda yarinya ke fara tuƙa babur tun ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. In za ta kasuwa sai ta zauna a bayan wani a karkace, ta ƙanƙame ƙarfe, tana salati duk inda aka sha kwana. Mu ƙannenta Kak Yoh muke ce mata, wato Yaya Yoh, har sunan ya bi gari, yara da manya. Ita ce babbarmu, ita ta goye mu lokacin da mahaifiyarmu ke fita tsagar roba, shi ya sa ba ta yi nisa a makaranta ba. Amma abin da ta iya ta iya shi. Za ta yanki ɓawon bishiyar roba siriri kamar na albasa, madarar ta biyo layi ta sauka a kofi, ba tare da ta ji wa itacen ciwo ba. Ba ta da yawan magana, sai dai in ta jefo ɗaya, mutum ya yini yana juya ta.

Mijinta Doromae shi ne mai surutun gidan. Abe Mae muke ce masa, wato Yaya Mae, ita ma Abe take kiransa. Da ƙuruciya direban motar katako ne, daga baya ya sayi a-kori-kura ta kansa, yana bin gonaki yana kwasar roba zuwa garin Raman. In ya zauna a shagon shayi, gurasar roti kan huce a gabansa bai kai ƙarshen labarin farko ba. Yana da kurciyoyi a keji waɗanda yake kai wa gasar kuka, ba su taɓa cin komai ba, kuma kullum laifin alƙalai ne.

Da gwiwarsa ta hagu ta fara damunsa, sai ya sayar da tsohuwar motar ya sayo wata ta hannu, fara, mai kujeru gaba da baya, mai giya otomatik. Ranar da ya ajiye ta gaban shagon shayi ya sha tsiya.

“Abe Mae, ashe tsufa ya zo? Motar malamar makaranta ka sayo mana?”

“Ina kuloci? Ko an sace a hanya?”

Ya ce, “Ku ci gaba da taka kuloci har gwiwarku ta zama irin tawa. Ni yanzu ƙafar hagu hutu take, ta gama aikin gwamnati.”

Lallaɓa motar nan yake kamar jaririya, musamman giyarta, don ya ce ita ce abin da bai sani ba a ciki, kuma abin da ba ka sani ba shi kake wa ladabi. Duk Juma'a da hantsi, in ya dawo daga zagaye injin na da zafi, sai ya buɗe bonet ya bar ta a kunne, ya zaro doguwar sandar awon man giya, ya goge a farin ƙyalle, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗaga ƙyallen ya duba a rana, sannan ya kai hanci. Kak Yoh na saman bene tana tsinke kan kifi, ta leƙo ta ce, “Abe, da ni kake dubawa haka duk Juma'a, da na san ina da miji.”

Ya ce, “Ke ai ba kya yoyo.”

A shagon shayin nan abin ya same shi. Yana tsakiyar labari kofi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace. Mutane suka ɗauka wasa yake, sai da ya zame daga benci. Ya daɗe a asibitin Yala. Da aka sallamo shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Abin mamaki, Fatiha na nan a bakinsa tsaf, zai karanta ta daga farko har ƙarshe ba gargada, amma sunan matarsa ya gagare shi. Kalma ɗaya ce ta rage masa ta hira: tukuna.

“Abe, za ka sha shayi?”

“Tukuna,” yana miƙo hannun hagu ya karɓa.

Liman ya zo dubiya ya ce, “Doromae, ya jiki?” Ya ce, “Tukuna.” Liman ya ce, “Wallahi ka fi mu gaskiya.”

Likita ya ce sai an riƙa kai shi gashin ƙashi a Yala duk mako, in ba haka ba jikin zai sandare. Ɗansu Masuki yana girki a wani gidan abinci a Malesiya. Ya zo ya zauna iya abin da mai gidansa ya yarda, ya koma. 'Yarsu tana aure can Krabi da ƙananan yara. Maƙwabta suka yi ƙoƙari, yau wannan ya tuƙa su, gobe wancan. Amma kowa da gonarsa. Wata safiya ta yi masa wanka, ta ɗaura masa sabon zani irin na mazan wurinmu, ta sa masa hula, suka zauna jiran wanda ya yi alkawari. Rana ta ɗaga, mutumin bai zo ba. Ba da gangan ba ne, saniyarsa ce ta ɓace. Ina can ina kwashe kwanukan shinkafar da nake sayarwa da safe, sai na gan ta tsaye a kaina da makulli a hannu.

“Bidoh, rufe tukunyar nan ki zo.”

“Ina za mu?”

“Filin makaranta. In zan mutu, ina son shaida.”

Wani malamin makarantar ne ya kai mana motar tsakiyar filin ƙwallo, ya nuna mata birki da totur, ya ja da baya can nesa. Muka ɗora Abe Mae a kujerar gaba, ni na shige baya. Ta kira Masuki a waya. Da ya gane abin da take shirin yi sai da ya yi salati, sannan ya kira ta Mak, kamar yadda muke kiran uwa, ya ce, “Mak, to ki ji. Ƙafa ɗaya kawai, ta dama. Ta hagu ki manta kina da ita.” Kak Yoh ta cire takalmin hagu, ta naɗe ƙafar ta zauna a kanta kamar mai zaman tahiya. Har yau haka take tuƙi.

Ta sa giya, ta ɗaga ƙafa daga birki, mota ta fara tafiya da kanta. Ta ƙwalla ihu, “Ban taka komai ba! Bidoh, wa ke tura mu?” Awaki suka watse. Abe Mae na dukan ƙofa da hannun hagu yana “Tukuna! Tukuna!” Muka zagaya filin nan kamar masu ɗawafi, har muka goge ƙarfen raga da gefen mota. Da ta tsaya, hijabinta ya jiƙe da gumi. Ta juya ta dube shi ta ce, “To, ka gani. Shekara nawa kana yi mini fankama da abin da ke tafiya da kansa.”

Kafin wata ya ƙare ta fara hawa titi. Ba ta gudu. Babura na wuce ta, har masu keke wani lokaci. Sojojin shingen hanya suka san ta, in sun hango farar a-kori-kura na rarrafowa sai su ɗage sanda tun daga nesa, don sun lura in ta tsaya cak tana daɗewa kafin ta tuna inda totur yake.

Akwai abin da na gani daga kujerar baya wanda ban taɓa faɗa mata na gani ba. Da yake motocin ƙasarmu sitiyarinsu a dama yake, sandar giya tana tsakaninsu, daidai inda hannunsa na dama yake kwance a cinya, wanda ba ya motsi. Duk lokacin da za su tashi, sai ta ɗauki hannun nan ta ɗora a kan sandar, ta ɗora nata a sama, ta taka birki, su ja tare. Sannan ta mayar masa da hannun cinyarsa, ta gyara yatsun. Ba ta kallonsa in tana yi, shi ma titi yake kallo.

Ranar Juma'a kuwa bai yafe ba. Suna dawowa daga kasuwa ya ƙi a sauke shi, yana nuna bonet da leɓe. Ta ɗauka yunwa ce, ta ɗauka fitsari ne, har ransa ya ɓaci ya juya kai. Daga baya ta gane. Muka zaunar da shi a kujerar roba gaban mota. Ta kai hannu kan sandar baƙin mai, ya girgiza kai. Ta kai kan ta can baya kusa da gilashi, ya gyaɗa. Ta je za ta kashe injin, ya ce tukuna. Da nuni da harara ya koya mata duka: mota a wuri mai daidai, injin a kunne da ɗuminsa, ƙafa a birki a bi da sanda kowane gurbi a dawo da ita wurin ajiya, sannan a auna. Man ya tsaya tsakanin zane biyun nan, ya zama ja garau kamar ruwan zoɓo, kada ya yi ƙaurin ƙuna. In ta goge a ƙyalle sai ta kai masa hanci ya shinshina, sannan ita ma ta shinshina. Tsohon farin rawaninsa na aikin hajji ta yayyanka don wannan aiki, ta ce ai ya fi zama a akwati asu na ci.

Haka suka yi shekara guda da wani abu. Ya fara takawa da sanda daga tabarma zuwa bakin ƙofa. Wasu kalmomi suka dawo masa, ruwa, zafi, to. Ita ke ba kurciyoyinsa abinci, tana yi musu gorin ba su taɓa cin gasa ba.

Sai ambaliyar ƙarshen shekara ta zo. Mun saba da ruwa, duk shekara kogin Sai Buri kan leƙo mu ya koma. Wannan karon bai koma ba. Da hantsi ruwa na idon sawu a ƙarƙashin gidajenmu da ke kan dogayen turaku, kafin azahar ya kai gwiwa. Masallacinmu na kan tudu, can kowa ya nufa. Mazan da ke da motoci yawancinsu sun fita da sassafe, ruwa ya datse su a wancan ƙetaren gada. Kak Yoh ta fara kai mijinta, ta zaunar da shi a barandar masallaci. Da ta juyo sai ta ga tsofaffin unguwarmu tsaye a kan matakalan gidajensu da ƙullin kaya, ba mai ɗaukarsu. Ta koma. Ta kwaso tsofaffi, ta kwaso mai jego da jaririnta, ta kwaso buhunan shinkafa, da kejin kurciyoyi, har da awakin da suka taɓa guje mata. Ban san sawu nawa ta yi ba. A na ƙarshe ina bayan motar, ruwa na dukan ƙasan ƙofa, ina jin ta ta taga tana ce wa motar, “Yi haƙuri, 'yar nan, saura kaɗan.”

Mun yi kwanaki a masallaci. Da ruwa ya janye aka buɗe hanya, ranar gashinsa ta zagayo. Ta shirya shi, ta ɗora shi a mota, ta sa makulli. Sai ya miƙo hannun hagu ya ƙetare jikinsa duka, ya damƙe makullin.

“Tukuna.”

“Abe, mun makara. Yau ba Juma'a ba ce.”

Bai saki ba. Ta sauka tana mita ta buɗe bonet. Baƙin mai lafiya lau. Ta zaro sandar man giya ta goge. Man ba ja ba ne. Ya yi kauri, ya koma kalar madarar ƙanƙara mai jan ruwan zaƙi da ake sayar wa yara a ƙofar makaranta. Ta kai masa ƙyallen. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ruwa.” Ya rufe ido.

Ta ce a hankali, “Ni na kashe ta ko?”

Ya buɗe ido, ya girgiza kai da ƙarfi har hularsa ta zame. Ya nuna masallaci, ya nuna gidajen tsofaffin, ya dafa ƙirjinsa. Ta gyara masa hular.

Bakaniken da Abe Mae ya yarda da shi shi ne Wirot, wani mabiyin addinin Buda mai gareji a bakin kasuwar Raman, sun san juna tun zamanin motar katako. 'Ya'yan maƙwabta suka kai mu a babura. Garejin ya cika har titi da motocin da ruwa ya ci, laka har rufinsu. Wirot ya fito daga ƙarƙashin wata, ya ga ƙyallen, ya girgiza kai.

“Kak, kada ki kuskura ki tuƙa ta. Man nan ya fita yau, ba gobe ba. Ruwa in ya kwana a giya cin ta yake. Amma dubi nan, wallahi ko uwata ce ta kawo mota sai ta bi layi.”

“To faɗa mini yadda ake yi.”

Ya dube ta daga hijabi har silifa. “Ke?”

“Akwai wani a bayana ne?”

Ya yi dariya, sannan ya ga ba dariya take ba. Ya ɗauko galan-galan na man giya, da sabuwar matata, da robar bakin faranti, da mazurari mai dogon wuya, ya haɗa mata da sifanoninsa na kansa. Ya ɗaga wata tsohuwar giya da ke yashe a gefe ya nuna mata cikinta ta ƙasa: ga notin zubarwa, ga faranti, ga inda matata take. Ya ce, “Sau ɗaya ba ya isa, rabin man yana maƙale a ciki. Ki zubar, ki zuba, ki kunna, ki sake zubarwa, har sai ya fito ja. In kin ɗaure notocin faranti kada ki nuna musu ƙarfi. Sauran kuma tsohon nan ya sani, ki tambaye shi.”

“Ba ya magana.”

“Da can ma da yake magana, wa ke saurarensa? Ki gaishe shi.”

Washegari da safe maza suka taimaka aka tura motar kan wasu faffaɗan katakai, aka tare tayoyi da kututturen kwakwa. Suka yi tayin shiga, amma ba wanda ya taɓa buɗe irin wannan giya a cikinsu, kuma kowa na da laka a ɗakinsa da zai kwashe. Kak Yoh ta sa tsohon wandon mijinta a ƙarƙashin zani, ta shimfiɗa kwali, ta yi bisimilla ta shige. Ni aka ba tocila.

Abe Mae na kan kujera, ba ya ganin komai sai tafin ƙafarta. Ya dinga buga sanda a ƙasa har muka gane. Muka shimfiɗa tabarma a gefen mota, muka kwantar da shi a kan ɓarinsa mai ciwo da matashi, hannun hagu a sama, kansa ya shiga ƙarƙashin ƙofa. Ga su nan kwance su biyu a ƙasa, kai kusa da kai. Wata maƙwabciya ta zo wucewa da bokiti ta ce, “Ikon Allah! Kak Yoh, ɗakin amarcin ne ya dawo nan?”

Daga ƙarƙashi ta amsa, “Wuce, ke naki mijin ko a gado ba ya matsowa.”

Notin zubarwa ya ƙi. Ta ja, ta ja, har ta tokare ƙafa da taya. Abe Mae ya taɓa kafaɗarta, ya zana da'ira a iska ta ɗaya gefen. Ashe ɗaurewa take. Da ta juya ya saki, man ya zubo a tsohuwar robar wanki, fari-fari, abin tausayi. Sannan aka zo kan faranti, mai ƙananan notoci jere kewaye da shi. Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya tana miƙo mini ina tarawa a kwanon sha. Ya yi ta nuna mata ta bar na kusurwa ɗaya, don farantin ya karkata ya zubar da sauran man a hankali. Ba ta gane ba. Ta cire na ƙarshe, faranti ya sauko gaba ɗaya, man ya wanke mata fuska da hijabi har cikin kunne.

 Sai muka ji wani sauti daga tabarma, kamar tari, kamar kuka. Na haska shi da sauri. Dariya yake. Rabin fuskarsa na dariya, hawaye na gangarowa, cikinsa na rawa. Tun ranar shagon shayi ba wanda ya ji dariyarsa. Kak Yoh ta goge ido da bayan hannu, ta dube shi, ta ce, “Yi dariya, mugu. Da na san abin da kake jira ke nan, da tuni na yi wanka da shi.” Ta dangwalo man da yatsa ta shafa masa a hanci.

A cikin farantin akwai ƙananan maganaɗisu da suka tara baƙin gari kamar kwalli. Ya sa na kai masa kusa, ya murza garin a yatsa, ya ji ba ɓarɓashin ƙarfe, ya gyaɗa kai. Ta wanke farantin tas kamar za a ci abinci a ciki, ta shanya a rana. Ta sa sabuwar matata, ta shimfiɗa roba a baki. Wajen ɗaurewa, ya riƙe tsintsiyar hannunta da nasa. Ta ɗaure wannan, ya kai hannun zuwa na can gefe mai kallonsa, ba na kusa ba. In notin ya kai, sai ya matsa mata hannu, ta tsaya. A nan hannun mai tsagar roba ya yi rana, don ta san inda ake tsayawa kafin a ji wa abu ciwo.

Muka zuba sabon mai ta mazurari, ta kunna, ta bi gurabe, ta kashe, ta sake shiga ta zubar. Ya fito da sauran fari. Muka ci shinkafa da busasshen kifi a nan ƙasa, ita tana ba shi a baki da hannun da ta wanke da toka. Muka sake. Washegari na koma wurin Wirot na ƙaro mai. Sai da la'asar ta kwana na biyu ƙyallen ya nuna ja. Ta kai masa hanci. Ya shinshina ya daɗe, sannan ya ce, “To.”

Motar ta tashi. Ba ta koma kamar da ba, tana ɗan zabura in za ta canja daga giyar farko, musamman da safe. Da aka samu sarari Wirot ya zagaya da ita, ya ce, “Kak, ba zan ɓoye miki ba. Kin ceto ta, amma ruwa ya riga ya taɓa fayafayan ciki. Wata rana za ta ajiye ki. Ki riƙa canja man da wuri, kada ki loda mata kaya, ki bi ta a hankali.”

Ta ce, “A hankali kuwa ai ka zo gidansa.”

Ta kai shi gashi da motar nan damina biyu bayan haka. Har gasar kurciya ta kai shi sau ɗaya, ta rataya masa keji da kanta a cikin maza, kurciyar ta ƙi ko buɗe baki. A watan azumi na shekara ta biyu ciwon ya sake bugunsa, yana zaune a baranda da rana tsaka. Bai kai asibiti ba. Tana tuƙi, ni ina riƙe da kansa a baya, na ji lokacin da ya yi nauyi. Na ce, “Kak.” Ta dube mu ta madubi. Ta sauka gefen titi a hankali kamar yadda ta saba, ta kashe mota, ta zagayo ta rufe masa ido. Sannan ta juya da mu gida.

Tana takaba motar na ƙarƙashin gida a lulluɓe. Masuki ya ce in ta fita takaba a sayar da motar, ta koma wurinsa, ya kama ɗaki mai kyau, matarsa na son ta. Ta ce za ta yi tunani. Bayan ta fita da 'yan makonni, muna hawan tudun masallaci, injin ya yi ƙara, mota ta ƙi gaba. Masuki ya ce a waya, “Mak, kin gani, ita ma ta gaji. Ki bar ta haka nan.”

Ta ce, “Na ji. In na zo can, wa zai kai tsohuwar maƙwabciyarmu Mak Timoh wankin ƙoda? Wa zai kai masu awon ciki? Kai ka zauna ka yi girkinka, Allah ya yi maka albarka. In ka yi kewata ka zo, zan ɗauko ka a tasha.”

Ta sayar da kurciyoyin ga wani mai sha'awa daga Pattani, ta bar guda ɗaya, ta haɗa da abin da roba ta kawo. Wirot ya sauke giyar ya warware ta a kan tebur. Kullum tana can zaune a kan tsohuwar taya, da kwanon abincinta, tana kallo. Ya nuna mata fayafayan da suka siɗe, da wani allon ƙarfe mai ƙananan hanyoyi birjik inda man ke bi. Ta daɗe tana bin hanyoyin da yatsa, ta ce, “Ashe gari guda ne a ciki. Da Abe ya ga wannan, da shagon shayi sun shiga uku.” Wirot ya juya baya yana neman wani abu a akwatin kayan aiki, ya daɗe bai samu ba.

Yanzu ita ce motar matan Lubo Kayu. Ba ta da farashi, wannan ta kawo kwakwa, waccan ta zuba mai. Matan da mazansu suka saya musu otomatik sukan tsaya ƙofarta su ce ta duba musu, ta duba, ta yi musu faɗa in ya yi baƙi.

Watan jiya muka kai kayan amarya garin Betong, jikar wata ƙawarta. Hanyar duk hawa ce da kwana. Katifa da kabad a baya, mata biyar a matse, motocin ango sun yi gaba tun tuni. Muna tsakiyar duwatsu ta sauka gefe a inuwar wata bishiyar duriyan ta tsaya.

Uwar amarya ta ce, “Lafiya, Kak Yoh? Ana jiranmu fa.”

“Giya ta yi zafi, ina jin ta. Sai ta huta.”

“Yanzu saboda Allah dangin ango su ce me?”

“Su ce mun iso lafiya. Bidoh, sauko da kular nan.”

Muka shimfiɗa tabarma a bakin hanya, ƙasa can hazo ya rufe kwari. Muka buɗe shinkafar da aka dafa don dangin ango, muka ɗan taɓa gefenta yadda ba za a gane ba. Uwar amarya ta yi ta duba waya, daga baya ita ma ta wanke hannu. Kak Yoh ta miƙe ƙafarta ta hagu da ta yi tsami, tana matsa ta, ta ce wa uwar amarya, “Miƙo mini yajin nan. Kuma ki ci da kyau, kuka na jiranki a gaba.”